Gwajin Fata a Rumfar Baffa

Mai ba da aro ya karɓi abinsa. Ranar wata Talata cikin bazarar bana, da hantsi, Baffa ya ajiye basillarsa ya ce kansa na sara, ya shiga ɗaki ya kishingiɗa. Kafin a kira azahar ya cika. Mun san daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, amma ranar nan kasa kallon wurin zamansa na yi.

Baffa wan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina shekara huɗu, bayan mahaifina ya rasu, shi ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, shi ya aurar da ni. Saboda haka maganar ƴa za ku ji a kan ubanta, kada wani ya nemi adalcin alƙali a wurina. Baduku ne ɗan baduku, a ƙofar gidanmu yake aiki, cikin wata rumfar zana mai ƙofa ɗaya. A rumfar nan makaɗan Matameye da na ƙauyukan da ke kewaye suka shekara arba'in da ɗoriya suna wasa, kowace Laraba da Asabar, daga la'asar zuwa magariba. Ba ta da allo a ƙofa, ba ta da takarda. In ka sauka a tasha ka ce wa ɗan kabu-kabu "rumfar baduku", ba zai nemi kwatance ba.

Zaman makokin gida biyu ya rabu, ba tare da wani ya raba shi ba. Yaya, ɗan farin Baffa, Alhaji ne mai sayar da takalma a Kano, abokan kasuwancinsa kuma sun zo masa a motoci. Aka shimfiɗa musu dardumai a inuwar itacen bedi. Makaɗa kuwa, waɗanda suka zo a ƙasa da kan moto, wato babur, daga Dawce da Tsauni da Yauri, zarcewa suka yi can ƙarshen katanga inda rana ke duka, suka zauna. Babu wanda ya tura su can. Sun dai san inda mutanenmu ke ajiye makaɗi in manya sun taru. Amma samarinsu masu gita su suka haƙa kabarin, matansu masu kiɗan ƙwarya kuma suka karɓe madafa daga hannunmu har kwana uku, ko ludayi ba su bar mu mun taɓa ba.

Cikin masu zaman rana akwai wani tsohon mai kalangu, aminin Baffa, wanda muke kira Baba na Yauri. Bai yi kuka ba. Na leƙo daga zaure na ga yatsunsa suna kiɗa a kan gwiwarsa bai sani ba. Da ya farga, sai ya danne hannun da ɗaya hannun, ya sunkuyar da kai. Abin da ya fara sa ni kuka ke nan a gaban mutane.

Liman, maƙwabcinmu, da ya shafa addu'a ya dubi jama'a ya ce, "Shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakanina da mutumin nan. Ban taɓa ta da kabbara da ganga a kunnena ba. Ku shaida." Aka ce an shaida.

Ni kuwa wata shaidar na ji da ta ƙona mini rai. Na kawo ruwa bakin zaure, sai na ji ɗaya daga cikin baƙin Kano yana tambayar Yaya, "Alhaji, marigayin wace sana'a yake yi?" Yaya ya ce, "Harkar fata." Ya tsaya nan. Ba ƙarya ya yi ba, amma rumfar tana bayansa, taku biyar. Ranar sadakar uku kuma ya tara mu cikin gida ya ce in an yi arba'in za a rushe rumfar a gina butik biyu, shagunan haya, Inna ta riƙa samun na cefane. Inna matar Baffa ce, mahaifiyar Yaya, tana cikin takaba, ba ta ɗago kai ba. Tun ranar na ƙudurta sai na rubuta wane ne Baffa, ko da rumfar ta tafi.

Yadda abin ya fara, daga bakin Baffa na ji, na kuma ji daga bakin Baba na Yauri, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Baffa yana matashi aka kawo masa kalangu da fatarsa ta fashe. Ya ɗinka sabuwa, mai shi ya rataya ya tafi. Bayan kwana uku, ana tsakiyar biki, mata sun shiga fili, fatar ta sake ɓarkewa. Mai kalangun ya tako tun daga Yauri a ƙasa, ya tsaya a ƙofar gidanmu ya wanke Baffa tas a gaban jama'a. Baffa ya ce hannun mutumin ne ya yi nauyi, mutumin ya ce ɗinkin ne na ganganci, har suka tsufa ba su daidaita a kan wannan ba. Amma a ranar Baffa ya rantse babu gangar da za ta ƙara barin hannunsa sai mai ita ya kaɗa ta a gabansa tun daga la'asar har magariba. In za ta fashe, ta fashe a rumfarsa, ba a bikin mutane ba. Mai zagin nan shi ne Baba na Yauri, kuma shi aka fara yi wa gwajin.

To, kalangu ba ya kuka a ɓoye. Masu dawowa daga kasuwa suka fara tsayawa. Mai gurmin da ke jiran a gama masa nasa aikin ya gaji da zama, ya shiga. Mai ƙosai ta matso da kaskonta. Da abin ya zama kullum, Inna ta aiko daga cikin gida cewa ita ba a gidan biki aka kawo ta ba, a zaɓi kwana biyu a mako ko ta koma gidansu. Aka zaɓi Laraba da Asabar. Daga baya har masu gangar da lafiyarta lau suka riƙa kawowa. Baffa ya karɓa, ya jujjuya ta da fuskar likita, ya ja tsirkiya ɗaya, ya miƙa ya ce, "A gwada." Kowa ya san babu abin da aka gyara. Har ya bar duniya bai taɓa yarda cewa wurin wasa yake da shi ba. In ka ce masa "wasan jiya ya yi daɗi", sai ya ce, "Wane wasa? Gwajin fata muka yi."

Abin dariyar shi ne Baffa bai iya kiɗa ba, bai iya waƙa ba. In yana alwala ya ɗan yi ƙoƙarin rera wani abu, Inna kan ce a duba ko akuya ce ta maƙale a danga. Kunne Allah ya ba shi. Yana zaune a bakin ƙofa a kan buzunsa, kai a sunkuye, yana huda fata, ba ya ko kallon masu wasa, amma in igiya ɗaya ta saki a gurmi zai ce, ba tare da ya ɗago ba, "Na Dawce, taka ce." Ba ya tafi, ba ya kaɗa kai. Yabonsa kalma uku ne: "Fata ta riƙe." Na ga ƙato mai gemu ya fita rumfar nan yana murmushi shi kaɗai don an ce masa haka. In kuwa wasan bai yi masa ba, sai ya ce, "A dawo da ita Asabar." Bai taɓa ce wa mutum bai iya ba.

Liman ya taɓa zuwa da ƙorafi, ina ƴar makarantar allo a lokacin, a gabana aka yi. Ya yi sallama, ya ƙi zama.

"Malam baduku, wannan abin naka ya fara yawa."

"Allah gafarta Malam, aiki ne. Gwaji nake."

"Gwajin nan ba ya ƙarewa?"

"Ranar da fata ta daina fashewa zai ƙare."

Liman ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ci ƙarfinsa. Suka rabu a kan sharaɗi ɗaya, kuma Baffa ya riƙe shi fiye da yadda aka nema. Da ya ga inuwar katanga ta kai wani dutse da ya sani, sai ya ɗaga basilla sama. Ko ana tsakiyar baiti ne, ko mata sun fara guɗa, kiɗa ya mutu nan take. Kafin ladan ya buɗe baki makaɗa sun riga kowa zuwa bakin randa. Akwai shekarun da sahun farko na masallacinmu ranar Asabar rabinsa masu kalangu ne.

Doka ta biyu tasa ce shi kaɗai, ita ce kuma ta fi ba makaɗa wuya. A rumfarsa ba a wasa kowa. Ba a kiran sunan mai kuɗi, ba a jero kakannin wani. "Wanda zai wasa Alhaji ya san ƙofar Alhaji," in ji shi. "Nan ku faɗi abin da ke cikinku." Da farko sun rasa abin faɗa, don da yawansu ba su taɓa buɗe baki ba sai da sunan wani. Sannu a hankali waƙoƙi suka fara fitowa: ta gero da ya ƙi kai, ta ɗan ci-ranin da ya dawo ya tarar ɗansa bai gane shi ba, ta rijiyar da mata suka yi faɗa a kanta, ta budurwar da ta ce sai mai moto. Yawancin waƙoƙin da yanzu ake ji a salular mutanen yankin nan, a ƙarƙashin zanar nan aka fara rera su. Wata rana Baba na Yauri ya gwada shi, ya saƙa sunan Baffa cikin waƙa, har da kirarin ubansa. Baffa ya tattara fatunsa ya shige gida. Can sai ga shayi an fito da shi, kowa da kofinsa, ban da Baba na Yauri. Sai da ya yi Asabar biyu yana kallon mutane suna kurɓa.

Lokacin da samari suka zo da gita da bafal mai ƙara sauti da ƙaramin injin wuta, tsofaffin makaɗa suka tada ƙura. Suka ce wannan ba kayan rumfa ba ne. Wani mai goge ya kawo hujjar da yake ganin ta kashe magana.

"Baduku, nan wurin gwajin fata ne, ko ba haka ka ce ba? To, ina fata a jikin wannan katakon?"

Baffa ya karɓi gitar, ya duba gaba, ya duba baya. Ya ce gaskiya ne, babu. Ya ce wa samarin su bar ta su dawo Asabar. Suka tafi jiki a sanyaye. Ranar Asabar suka tarar ya ɗinka mata maratayi na jar fata, da ado irin wanda ake yi wa gidan wuƙa. Ya rataya wa mai ita a kafaɗa, ya koma buzunsa.

"Yanzu akwai. A gwada."

Ranar sun cika mana kunne da ƙara, ba zan ɓoye ba, har kajin Inna sai da suka bar gidan. Baffa ya ce a dawo da ita Asabar. Sun yi ta dawowa har suka iya. Yau su ake ɗauka biki har Damagaram, kuma duk gitar da suka saya sai sun kawo an yi mata maratayi.

Alherinsa da na fi tunawa na wani manomi ne daga Tsauni, mutum mai furfura, wanda ya shekara talatin yana kaɗa gurmi a bukkar gonarsa, ko matarsa ba ta taɓa ji ba. Ya kawo gyara, aka ce sai ya gwada. Murya ta shige masa, ya fara ya tsaya, ya sake farawa. Mutane suka soma miƙewa suna kakkaɓe riga. Sai Baffa ya gyara zama. Ƙafafunsa kawai ya miƙe a bakin ƙofar, ya shimfiɗa ƙirgi a kai ya ci gaba da aiki. Wa zai tsallake ƙafar dattijo? Kowa ya koma ya zauna. Mutumin ya kai ƙarshen waƙarsa da ƙyar, gumi har gemu. Baffa ya ce, "Fata ta riƙe. Hannu ne bai saba da idon mutane ba, wannan kuwa zuwa ke gyara shi." Daga ranar ya zama al'ada, in sabon hannu na wasa ƙafar Baffa na bakin ƙofa. Mun sha riƙe fitsari saboda wannan doka.

In kaka ta wuce, rabin makaɗan sukan tafi ci-rani Kano ko Ikko. Ba sa tafiya da kayan kiɗa, a ɗakin Baffa suke rataye su. Duk Juma'a da safe sai ya sauke su ɗaya-ɗaya ya shafa musu mai don kada zafi ya busar da fatar. Ba ya rubuta sunan kowa, da ɗinkinsa yake gane na wane ne. Ba ya kuma barin wani ya taɓa na wani, ko ɗan mai shi ne. In ruwan farko ya sauka suka dawo, kafin mutum ya je ya gai da surukansa ya biyo ta rumfa.

Yanzu sai in faɗi wadda ba ta da daɗi, don in na ɓoye ta ban faɗi Baffa ba. Yaya ya tashi a rumfar nan, ya iya dukanci har ana cewa zai fi ubansa. Da ya isa aure ya nemi ƴar wani attajiri a garin nan, yarinyar kuma tana son sa. Iyayenta suka aiko cewa ba su da abin cewa a kan yaron, amma ba za su kai ƴarsu gidan da makaɗa ke taruwa ba. In an rufe rumfar, a zo a yi magana. Yaya ya sami Baffa da safe yana jiƙa fata, ya durƙusa. Ina shara a tsakar gida, na ji komai.

"Baba, ko na shekara ɗaya ne. In an yi auren sai a buɗe."

"In rufe in ce wa mutanen nan me? Su tafi, ƙazanta ne su, sai mun gama da masu tsabta?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Kunyar ubanka kake ji. Faɗi kawai."

Yaya ya tashi. Aka ba da yarinyar ga wani, shi kuma kafin watan ya ƙare ya tafi Kano, can ya yi kasuwa, can ya yi aure. Na daɗe ina juya maganar nan. A kan rufe rumfa ina ganin Baffa yana da gaskiya. A kan kalmar da ya jefi ɗansa da ita kuwa bai kyauta ba, kuma na tabbata ya sani, don ranar bai ci tuwo ba. Sai dai ɗan fari ne, kun san mu da kunyar ɗan fari. Ko sunansa Baffa ba ya kira, "mutumin Kano" yake cewa. Uban da ba ya iya kiran sunanka, ta ina zai fara ba ka haƙuri? Shekara ashirin da biyu Yaya yana zuwa, ya durƙusa ya gaishe shi, a tambayi hanya, a tambayi iyali, shi ke nan. Ni da Inna mun yi ta jiran ranar da ɗayansu zai ƙara kalma ɗaya.

Ranar arba'in aka yi sadaka da safe. Tubalin siminti tuni an sauke shi a gindin katanga. Bayan azahar Yaya ya sa aka kira makaɗan da ke gari cikin rumfar, don kowa ya ɗauki kayansa, a kuma san yadda za a yi da na ƴan ci-rani. Ni ma na shiga na tsaya daga gefe, raina a ɓace. Yaya ya yi magana da ladabi, ba zan zalunce shi ba. Ya fuskanci Baba na Yauri, don shi ne babba.

"Baba, ku yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne. Abin da ya riga ya mutu ne za a kawar. Shekara ashirin da biyu ina zuwa gidan nan, ƙaramar Sallah, babbar Sallah, suna, rashin lafiya. Ban taɓa jin an buga ko gwangwani a rumfar nan ba. Tsoho dai ya riƙe ta ne don sabo."

Makaɗan suka dubi juna. Ɗaya daga cikin masu gita ya buɗe baki, Baba na Yauri ya ɗaga masa hannu.

"Alhaji, ba ka taɓa ji ba, gaskiyarka. Ai ba za ka ji ba."

"Kamar yaya, Baba?"

"Ya hana mu faɗa, amma wanda ya hana ɗin ya tafi, Allah ya yafe mini. Duk ranar da saƙo ya zo cewa kana tafe, ubanka keke yake hawa. Ya je Dawce, ya je Tsauni, ya zo mini har Yauri, da tsufansa. Ya ce, mutumin Kano na hanya, makon nan fata ba ta bushe ba. Da salula ta zo ya huta da keken, amma saƙon bai canza ba. Waɗannan yaran masu gita kowace shekara sai sun roƙe shi yammacin Sallah, ranar da gari ya fi cika, bai taɓa ba su ba. Ka tuna zuwan da ka yi ba sanarwa, da Innarka ta kwanta? Asabar ce. Wani ya gan ka a tasha ya rigo ka a moto. Rana na sama ubanka ya ɗaga basilla. Ta bayan danga muka fita, ni da kalanguna a ƙarƙashin riga, sai ka ce ɓarayi. Ka iso ka tarar da shi shi kaɗai yana ɗinki."

Ni kaina kunya ta rufe ni. Na san ba a wasa in Yaya na gari, amma na ɗauka don gida ya cika da baƙi ne. Ina koyar da ƴaƴan mutane lissafi a lakwal, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Yaya ya tashi ya shiga gida, na bi shi. Inna tana zaune a kan tabarma da carbinta. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

"Inna, gaskiya ne?"

Ba ta dube shi ba, bango ta duba, kamar yadda ta saba in za ta yi masa magana.

"Cewa ya yi ya hana ka abin da ba zai iya mayar maka ba. Ya ce in ka zo gidan ubanka, aƙalla kada kunnenka ya ji abin da ya raba ka da shi."

"Me ya sa bai faɗa mini ba?"

"Kai ka faɗa masa naka?"

Washegari da sassafe Yaya ya koma Kano. Bai ce a rushe ba, bai ce a bari ba. Tubalin ya zauna a gindin katanga, kayan ƴan ci-rani suka zauna a rataye, ni nake zuwa ranar Juma'a in shafa musu mai yadda na ga ana yi. Damina ta faɗi, mutane suka dawo, suka zo suka yi gaisuwa, amma babu wanda ya nemi kayansa. Gidan da ake takaba ba a kiɗa, kuma ba wanda yake so ya zama na farkon da zai sauke nasa daga bango. Watanni uku muka yi ba mu san matsayinmu ba. In Yaya ya kira, lafiyar Inna kawai yake tambaya.

Da Inna ta fita takaba, ta yi wanka ta sa sabon zane, abin da ta fara ce mini shi ne, "Ki sa a share rumfar nan. Shirun ya ishe ni." Matar da ta shekara arba'in tana mitar ƙara ke nan. Na ce Yaya fa? Ta ce gidan mijinta ne, in ya zo ya rushe da ita a ciki.

Asabar ɗin rumfa ta cika har waje. Gero ya kai gwiwa, gari ya yi sanyi, kowa na gida. Buzun Baffa na shimfiɗe a bakin ƙofa, mutane suna raɓawa ta gefensa. Baba na Yauri ya fara, manomin Tsauni ya karɓa, masu ƙwarya suka shiga, samari suka jona gitarsu. Ba a ambaci sunan Baffa ko sau ɗaya ba, ko da yake na ga bakin Baba na Yauri yana motsi kamar zai saƙa shi. Ana cikin haka na waiwaya, sai na hangi Yaya a can baya cikin masu tsayuwa, da jakarsa a hannu, ƙurar hanya a ƙafarsa. Wasu makaɗan ma sun gan shi, kiɗan ya fara rauni, hannuwa suna neman tsayawa. Ya girgiza musu kai, ya yi alama da hannu a ci gaba. Yana nan tsaye har aka kira magariba, bai zauna ba, bai ajiye jakar ba.

Da aka fito masallaci na same shi a rumfar shi kaɗai, yana duban inda zana ta ruɓe ruwa na zuba. Ya ce gobe a kira magini, tubalin nan a ta da mata bango da shi, a sa mata rufin kwano kafin damina ta cinye ta. Sai na kama faɗan da na iya.

"Yaya, ai sai ka kira ka ce kana tafe, a dafa maka wani abu."

Ya goge fuska da hannun riga.

"Tsoro na ji, in na kira ku yi shiru."

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa kalmar da ta fi ƙarfin bakinsa da wadda ya kasa faɗa, ya sanyaya makwancinsa. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon faɗa wa juna tun muna ji.